Yadda zaka gane ko takardar bayanin tul ɗin AI na kasuwar hasashe ta aiki ce ko ado ce kawai

Akwai ranar da na haɗa wani ejan na AI, wato manhajar AI da ke yin aiki a madadinka, da wani ɗan tul da na tsinta a intanet, wato ƙaramar manhajar da ejan ke kira ta yi masa wani aiki, wai aikinsa ya riƙa ɗauko min farashi daga kasuwannin hasashe, na tambaye shi wata magana kan zaɓe sai ya ce min yiwuwar abin bata kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, wai 0.62 ce, ni kuma ga shafin a buɗe a gabana ina kallon 62 da idona. Kuma fa ba ƙarya tul ɗin ya yi ba, lambar da ya kawo daidai take, abin da bai gaya wa ejan ɗin ba shine daga 0 zuwa 1 ake ƙirga wannan lamba. Na je na duba bayanin da mai tul ɗin ya rubuta, layi ɗaya ne tak, wai yana dawo da farashin kasuwa. Shikenan. Tun daga ranar na daina yarda da README, wato takardar bayanin da mai tul ke rubutawa, don kawai yana da tambari masu launi da hoto mai motsi, sai na bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda zan faɗa maka.

Ga wanda bai san harkar ba, kasuwar hasashe wuri ne da mutane ke saye da sayar da kwantiragi kan ko wani abu zai faru ko ba zai faru ba, in ya faru mai riƙe da Eh ya karɓi dala ɗaya, in bai faru ba ya tashi a tutar babu, shi yasa ake karanta farashin a matsayin yiwuwar faruwar abin. Manyan biyu su ne Polymarket da Shayne Coplan ya kafa a 2020, tana kan Polygon, wani blockchain na kuɗin kirifto, da Kalshi da Tarek Mansour da Luana Lopes Lara suka kafa a 2018 wadda hukumar CFTC ta Amurka ke sa wa ido. Akwai kuma Manifold da ake wasa da kuɗin bogi da suke kira mana. Na san wani zai ce ai wannan caca ce, ni ma ban zo kare ta ba kuma bana zuba kuɗi, wannan tambaya ce ta malamai, ni karanta lambobin kawai nake yi kamar yadda ɗan jarida ke karanta su, kuma ko karatun ne kawai sai ka san me kake karantawa.

Abu na farko, ka san cewa mutum biyu ne ke karanta bayanin nan ba ɗaya ba. Kai kana karanta README, shi kuma ejan ɗin baya ganin README ɗin ko kaɗan, abin da yake gani shine sunan tul, da ɗan bayanin da aka maƙala masa, da tsarin abubuwan da zai tura. Tul da yawa yanzu a kan MCP ake gina su, wato Model Context Protocol, ƙa'idar haɗa ejan da tul da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, kuma a nan kowane tul yana da name da description da inputSchema, wato abubuwa ukun nan da na ambata, iyakar duniyar ejan kenan. Toh kafin ka karanta komai ka kunna MCP Inspector, manhajar gwada tul ɗin MCP, a taminal ka buga npx @modelcontextprotocol/inspector ka haɗa shi da sabar da tul ɗin ke kai, ka sa ya jero maka tul ɗin gaba ɗaya, ka karanta abin da ya fito da idon wanda bai taɓa jin sunan Polymarket ba. Sau da yawa zaka tarar README shafi biyar ne amma description kalma shida ce, an yi wa baƙo shimfiɗa an bar mai aikin a waje. In kaga haka ka riga ka san rabin amsar.

Na biyu bashi da wahala. Buɗe sabon folda wanda ba komai a ciki, ka bi umarnin girkawa kamar yadda aka rubuta, kar ka gyara komai da saninka, ka duba agogo. Duk inda sai da ka je Google ko ka buɗe kod ɗin kafin ka wuce, rubuta shi, wannan rami ne a takardar. Shin an faɗi sigar Python ko Node da ake buƙata? An faɗi ko ana buƙatar makulli, wato lambar sirrin shiga da ake kira API key, kuma ina ake samo shi? Misalin da aka ce ka kwafa ka liƙa, ya yi aiki yadda yake ko kasuwar da ke cikin misalin ta daɗe da rufewa? Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa, don kasuwar hasashe tana mutuwa, misalin da aka rubuta da zaɓen Amurka na 2024 yau ba zai nuna maka farashi mai rai ba, mai hankali yakan fara misalinsa da neman kasuwar da ke buɗe sannan ya tambayi farashinta.

Na uku shine inda nake ɓata mafi yawan lokacina, wato maganar farashi, don kalmar nan ɗaya ce amma abu huɗu ko biyar take nufi. Duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ko Kurmi ya san akwai tayin da mai saye ya yi, akwai kuɗin da mai kaya zai sallama, akwai kuma yadda aka sayar wa wanda ya zo kafin kai, kuma ukun nan ba ɗaya bane. A nan ma haka ne. Polymarket a shafinta tsakiyar tayi da sallama take nunawa, in mafi girman tayi 0.52 ne mafi arhar sallama 0.58 zaka ga 55, amma in tazarar da ke tsakani ta wuce senti 10 sai ta koma nuna cinikin ƙarshe. Kaga kenan in tul ya ce farashi bai faɗi wanne ba, ejan zai iya kawo maka lambar da ba wanda zai sayar maka a kanta, ko cinikin da aka yi kwana uku da suka wuce a kasuwar da ko kare baya bi. Takarda mai kyau sai ta ce wannan fili tayi ne, wannan sallama, wannan tsakiya, wannan cinikin ƙarshe da lokacin da aka yi shi.

Sai ma'auni. Polymarket daga 0 zuwa 1 take bayarwa, Kalshi kuma an santa da senti, daga 1 zuwa 99, toh in tul ɗin yana haɗa kasuwanni biyu wuri ɗaya dole ya faɗa ko ya mayar da su ma'auni ɗaya ko ya bar kowa da mudunsa. Wannan shine ya cije ni a labarin da na fara da shi. Kuma akwai wani abu a Kalshi da ke rikita mutane sosai, littafin odarsu, wato jerin odojin da ke jiran ciniki, tayi kawai yake nunawa, tayin masu Eh da tayin masu A'a, babu layin sallama, saboda tayin A'a a senti 55 daidai yake da sallama Eh a senti 45, ka cire daga 100 kawai. Mutum in an yi masa bayani sau ɗaya ya gane, amma ejan da ba a gaya masa ba zai iya ce maka ba mai sayarwa a kasuwar, ko ya ɗauki 55 ɗin a matsayin farashin Eh. Ka nemi wannan jimlar a takardar, in tul ɗin na taɓa littafin odar Kalshi kuma babu ita, ka rage masa maki ba tausayi.

Wani ƙaramin abu amma mai cizo, a Gamma API na Polymarket, ƙofar da manhajoji ke ɗauko bayanan kasuwanni, filin farashi mai suna outcomePrices yakan zo ne a matsayin rubutu mai ɗauke da jeri a ciki ba jeri na gaske ba, sai an sake warware shi, kuma jerin yana bin tsarin outcomes ne, wato filin sunayen ɓangarori, na farko da na farko na biyu da na biyu. Ba kullum bane sunayen suke Yes da No, a wasanni sunan ƙungiyoyi ne. In mai tul ya warware maka ya faɗa, in bai warware ba ya faɗa, shirun ne matsala.

Daga nan ka duba yawan ciniki, ana nufin na awa 24 ne ko tun buɗe kasuwa, da dala ake ƙirgawa ko da yawan kwantiragi, in kuma akwai Manifold a ciki an raba mana da kuɗin gaske ko an zuba su tukunya ɗaya. Ejan da ya ga mana dubu ɗari ya ɗauka dala ce zai ce maka kasuwa ta cika maƙil alhali wasa ake.

Mataki na huɗu sunaye da lambobin shaida. A Polymarket akwai event, a ƙarƙashinsa akwai market ɗaya ko da yawa, kowace market tana da condition ID ɗinta, sannan kowane ɓangare, Eh da A'a, yana da nasa token ID, ga kuma slug ɗin da kake gani a adireshin shafi. Littafin oda a CLOB, wato ɓangaren ciniki na Polymarket, da token ID ake tambayarsa. A Kalshi kuma series ne, sai event, sai market, kowanne da tikarsa, wato gajeren sunan shaidarsa. Toh in inputSchema ya ce kawai id, wanne daga ciki? Wallahi na sha ganin ejan yana tura slug inda ake son token ID, a dawo masa da babu, shi kuma ya juyo ya ce min kasuwar bata wanzu, da cikakken ƙarfin gwiwa. Abin da nake nema shine bayanin ya ce wane iri ne, ya ba da misalin kamanninsa, kuma ya faɗi wane tul ne zaka fara kira don ka samo shi. Wannan na ƙarshen ma ya fi muhimmanci, don ejan baya sanin cewa sai ya bi ta ƙofar nema kafin ya shiga ɗakin farashi sai an rubuta masa.

Na biyar lokaci ne, kuma mu da ke wannan yanki ya fi shafar mu. Fara da tambayar yaushe aka ɗauko lambar, kai tsaye ne ko ajiyayya ce, in ajiyayya ce minti nawa take yi kafin a sabunta, kuma amsar tana zuwa da lokacin a jikinta? A daren zaɓe ko ana tsakiyar wasa farashin minti biyar da suka wuce tsohon labari ne. Sannan agogon wa ake bi. Dokokin kasuwanni da yawa da agogon New York ake rubuta su, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da UTC da awa ɗaya, Ghana tana kan UTC daidai, tazararmu da New York awa biyar ce daga Maris zuwa farkon Nuwamba sai ta koma shida sauran watannin saboda suna juya agogonsu. Kasuwar da aka ce zata rufe 11:59 na dare ranar 30 ga wata, a Kano asubar washegari ce, wajen biyar ko shida saura minti ɗaya. In takardar bata ce komai kan wannan ba ejan zai zaɓa maka da ka. Ka kuma ƙirga lambobin lokacin Unix, wato lokacin da kwamfuta ke ƙirgawa tun daga farkon 1970, in guda 10 ne daƙiƙa ce, in 13 ne kashi dubu na daƙiƙa ne, in aka juya su zaka ga an ce maka an yi ciniki a Janairun 1970, ni dai in na ga 1970 a amsa na san inda zan duba.

Na shida, rufewa daban yanke hukunci daban. Kasuwa zata iya rufe ciniki amma ba a ce ga wanda ya ci ba tukuna. A Polymarket ta hanyar UMA ake yi, wani tsarin tantance sakamako na kirifto, wani ya gabatar da sakamako ya ajiye jingina, a ba da awa biyu ko wani zai ƙalubalanta, in rigima ta yi ƙamari masu riƙe da tokin ɗin UMA su jefa ƙuri'a. Kalshi kuma ita ke yanke hukunci bisa majiyar da ta rubuta a dokar kowace kasuwa. Saboda haka farashi ya kai 0.99 ba yana nufin an gama ba, kuma takardar tul ya kamata ta bambance buɗe, rufe, ana jayayya, an yanke. Sannan ka duba ko tul ɗin na dawo da cikakkiyar dokar kasuwar ko take kawai yake kawowa. Ka tuna rigimar kwat ɗin Zelensky, shugaban Ukraine, a Polymarket a 2025, tambayar wai zai sa kwat kafin Yuli, ya je taron NATO a Hague a watan Yuni da baƙaƙen kaya da jaridu da yawa suka kira kwat, ƙarshe aka yanke A'a, aka yi ta cece-kuce. Duk rigimar a kan ma'anar kalma ɗaya ce a cikin doka. Ejan da take kawai aka bashi ba zai ma san akwai abin jayayya ba, kuma kasuwa biyu masu take iri ɗaya a Kalshi da Polymarket zasu iya bambanta a ranar ƙarshe ko majiya, in tul ɗin ya ce yana kwatanta su ya faɗi yadda yake haɗa su, da hannu ne ko da kamannin kalmomi.

Bayan nan sai ka ɓata abu da gangan. Tura lambar shaida ta ƙarya, tura fili babu komai, nemi kasuwar da ta rufe bara, ka yi ta kira da sauri har sai an dawo maka da 429, lambar kuskuren da ke nufin ka cika kira, cire makullin ka ga me zai ce. Duk abin da ya fito ka duba ko takardar ta ambace shi. Mafi munin hali shine tul ya haɗiye kuskure ya dawo da jeri babu komai, don a wurin ejan babu sakamako da an samu matsala kamarsu ɗaya, sai ya ce maka ba kasuwa kan wannan batu alhali netwok ne ya yanke. A MCP akwai isError da aka tanada don wannan, ka ga ko suna amfani da shi, kuma saƙon yana gaya wa ejan abin da zai yi gaba ko kuwa tarin rubutun kod ne kawai. Haka maganar shafuka, wato kawo sakamako kashi-kashi, Kalshi da cursor take tafiya, alamar inda aka tsaya, Gamma da limit da offset, wato nawa za a kawo kuma daga ina za a fara, in tul na kawo guda ashirin na farko ya yi shiru ejan zai ɗauka iyakarsu kenan, ka tambaye shi kasuwar da ta fi ciniki ya zaɓo maka sarkin ashirin ɗin nan.

Akwai kuma tambayar da bana wasa da ita, karatu kawai yake yi ko yana iya saye da sayarwa? Karanta farashi a Gamma baya buƙatar makulli, amma sa oda a Polymarket sai an sa hannu da walet, wato jakar kuɗin kirifto, a Kalshi kuma da makullin RSA ake sa hannu a buƙata. In tul ɗin da ya ce na bayanai ne ya nemi makullin sirrin walet ɗinka kuma takardar bata faɗi dalili ba, rufe shafin kawai. In yana ciniki da gaske, a raba tul ɗin karatu da na oda a fili, a faɗi ko zai nemi amincewarka kafin ya tura, a faɗi inda ake ajiye makullin, a kuma nuna yadda zaka gwada a dandalin gwaji, Kalshi tana da na demo. Alamar readOnlyHint da MCP ke da ita, mai nuna tul na karatu ne kawai, tana taimakawa amma ka sani mai tul ne ya rubuta ta da hannunsa, faɗa ce kawai ba shaida ba, sai ka leƙa kod ɗin. In kuma tul ɗin na kwaso sharhin mutane daga ƙasan kasuwa yana zuba wa ejan, takarda ta gari zata yi gargaɗi, don kowa na iya rubuta umarni a sharhi ejan ya ɗauka kai ne ka faɗa.

Gwajin da na fi yarda da shi shine na ƙarshe. Buɗe sabuwar hira, kar ka gaya wa ejan komai, ka bar shi da bayanin tul ɗin kaɗai, ka jefa masa tambayoyi kamar goma da ka riga ka san amsarsu daga shafin, ka haɗa da masu tarko, ɗaya kan kasuwar da ta rufe ba a yanke ba, ɗaya kan wadda tazarar tayi da sallama ke da faɗi, ɗaya mai 'yan takara da yawa, ɗaya kan abin da babu shi sam. Kar ka tsaya kan amsar kawai, buɗe ka ga wane tul ya kira da me ya tura. Ka maimaita kowace sau biyu ko uku don ejan baya bin hanya ɗaya kullum, in yau ya dace gobe ya kauce to bayanin ne ya bar masa wurin canka. Ina kuma gwadawa da Hausa, don taken kasuwannin da Turanci suke, in bayanin tul ɗin nema bai ce a tura kalmomin Turanci ba sai ka ga ejan ya tura zaɓen shugaban ƙasa yadda na rubuta, a dawo masa da babu.

Kana gamawa ka leƙa tarihin gyare-gyare, yaushe aka taɓa takardar ƙarshe kuma yaushe aka taɓa kod ɗin, in kod ya motsa wata uku takarda na nan inda take to sun rabu, ka kuma karanta ƙorafin da mutane suka buɗe ka ga ko ana amsa musu.

In tul ɗin na aiki amma bayanin ne gurgu, ba sai ka jefar ba, ni nakan sake rubuta description ɗin da kaina in sake gwajin tambayoyi goman nan. Wancan da ya ce min 0.62, abin da na sa masa bai wuce layi huɗu ba, cewa yana karɓar token ID ne ba slug ba kuma a samo shi daga tul ɗin nema, yana dawo da tayi da sallama da tsakiya daga 0 zuwa 1 inda 0.62 ke nufin kashi 62 cikin ɗari, lokacin da ke jiki na UTC ne, kuma in kasuwar ta rufe ya duba matsayin hukunci kafin ya ce wani ya ci. Na tura wa mai tul ɗin gyaran ma, har yau dai bai amsa ba.